Yadda Za Ka Hana Maƙwabci Sayen Motar Tseren Gidanku

Zauna, zuba kofi, ba sauri muke yi ba. Alkawari na yi maka: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, motar tseren gidanku za ta fita fili da bazara, ta dawo gareji kafin ƙanƙara ta sauka, ba tare da wani mahaluƙi ya yi mata kallon sha'awa ba. Dabara ce da ba ta da tangarɗa. Gida ɗaya ne suka gwada ta daga farko har ƙarshe, wato gidan Raimo da ke nan ƙauyenmu, kuma za ka gani da idonka cewa abin da ya same su ba laifin dabarar ba ne.

Raimo direban tankar madara ne, mutum mai auna magana kamar sayenta yake yi. Matarsa Aune ita ke dafa wa yara abinci a makarantar da na koyar. Akwai mahaifiyarsa, Kaka Hilka, wadda kunnenta ba ya jin komai sai abin da ba a so ta ji. Sai 'yarsu tilo, Saima, wadda ta cika sha biyar a bara, wato ta isa shiga tseren yara. Suna da gonar dankali, suna da ɗakin sirace a bakin tafki, suna da garejin da ya fi falonsu tsabta. Abu ɗaya suka rasa: motar da za ta shekara a hannunsu. Raimo ya cika iya gyara. Duk motar da ya fito da ita, tsere ɗaya take yi a saye ta, kuma yawanci maƙwabcinsu Urpo ke tafiya da ita, mutumin da bai taɓa ɗaukar sifana ba sai don buɗe kwalba.

A bara Saima ta ce abin ya ishe ta. Motar da za a haɗa dominta, wadda ta raɗa wa suna Heluna, sunan wata saniyar Kaka da ta mutu, ta ce wannan kam ba mai raba ta da ita. Shi ne suka zo wurina neman shawara, na tsara musu abin da zan tsara maka yanzu.

Mataki na ɗaya: San dokar da kake gudu

Na san ka san ta, ko'ina a Finland ita ce, amma maimaici ba ya ɓata karatu. Da an tashi tsere, kowace mota ta zama ta sayarwa, a kan farashi ɗaya da aka yanka wa kowa, farashin da ko na injin kirki bai kai ba. Duk mai so ya rubuta sunansa a 'yar takarda ya jefa. In shi kaɗai ne, ta zama tasa. In suna da yawa, a yi ƙuri'a. Ka ƙi sayarwa, a hana ka shiga fili. Kujera da bel ɗinta kawai za ka kwance ka tafi da su, don ka sami abin zama ka yi kuka.

An kafa dokar ne don kada mai hali ya zuba dukiya a mota ya riƙa cinye talaka. Doka ce mai kyau, kada ka zage ta. Mu ba karya ta za mu yi ba. Raɓawa za mu yi ta gefenta a hankali, yadda ake raɓa karen maƙwabci yana barci.

Mataki na biyu: Gyara ciki tun da hunturu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da tafki ya daskare, rana ta fara faɗuwa tun yara ba su tashi daga makaranta ba, sai ka hura murhun gareji, ka kira duk mai hannu biyu a gidan. Sauke inji. Kwance shi gaɓa-gaɓa, ka wanke kowane ƙarfe, ka jera su a kan tsohuwar jarida. Zubar da tsohon baƙin mai. Cire batir ka kai shi cikin gida inda yake da ɗumi. Raimo ƙarƙashin gadonsu yake ajiye nasa. Toshe bakin salansa da tsumma, in ba haka ba ɓeraye za su mai da shi rumbu. Wata shekara Raimo ya manta, ranar da ya tayar da mota ta feso wa fasto hatsi har cikin aljihu.

Birki kuwa, duba shi, ka sake dubawa, sannan ka kira wani ya duba. 'Yarka ce za ta shiga. Nan ko ni ban yarda da wasa ba.

Kada ka damu in aikin bai yi sauri ba. Na sha wucewa ta ƙofar garejin Raimo da yamma in jiyo shi da Saima.

"Miƙo min sifana mai lamba sha uku."

"Baba, ai ita ce a hannunka."

"Ɗayar."

"Kaka ta ɗauka, tana fasa ƙanƙarar bakin ƙofa da ita."

"Uhm. Yaron nan da ya rako ki jiya, ɗan wane ne?"

"Baba! Kai ne da tambayar samari?"

"Noti nake tambaya. Kin ɗaure shi?"

"Na ɗaure."

"Shi ma yaron a ɗaure shi."

Sai ka ji dariya har bakin hanya. A falo kuwa, in ka ji muryar Raimo, to kofi ne ya ƙare.

Mataki na uku: Ɓata waje

Nan zuciyar bakanike ke karaya, don haka ka daure. Ciki ya zama amarya, waje ya zama abin da kare zai gani ya sauya hanya.

Tattaro ragowar fenti duk inda yake: jan da ya rage daga garken shanu, koren kwalekwale, da wancan na ƙasan gwangwani da ba wanda ya san sunan launinsa. Kada ka shafa da buroshi, da tsintsiya za ka shafa. Ƙofar hagu ta fito daga wata mota, ta dama daga wata, kada su san juna. Yayyafa ruwan gishiri a gefen tayoyi, tsatsa za ta zo da kanta, ba ta buƙatar gayyata.

Sai guduma. Dole bodi ya lotsa. Raimo ya tsaya da guduma a hannu gaban ƙofar da ya yi mako yana daidaitawa, ya ɗaga, ya sauke, ya ɗaga, ya sauke. Aune ta shigo da farantin burodi ta same shi a haka.

"Ba ni nan, Raimo. Shekara nawa ina jiran wannan rana?"

"Aune, a hankali, ƙofar nan sai da na..."

Kwam!

"Wannan ta ranar bikin ƙanwata ce, da ka zo da giris a wuyan riga."

Kwam!

"Wannan ta batirin da ke ƙarƙashin gadona."

Kwam! Kwam!

"Waɗannan fa?" in ji Raimo da ƙaramar murya.

"Ban tuna ba tukuna. Na san dai akwai."

"Mama, ya isa haka," in ji Saima, "ki bar min inda zan shiga."

Masu hikima sun ce gidan da ke da tsohuwar ƙofar mota da guduma, aurensa ba ya mutuwa.

Ka cika aikin da wari. Mai saye yakan leƙa kai ta taga kafin ya jefa takarda, hanci kuma yana riga ido yanke hukunci. Kaka Hilka ta ɗauko kifin gishiri guda daga tulunta, ta tura shi wani lungu a jikin motar, ta ƙi faɗa wa kowa inda yake. Saima ta yi ƙorafi cewa hular kwano ba ta tare wari.

"Shaƙa, ƙawata," in ji Kaka. "Da shi aka reni ubanki, ga shi nan har ya yi gemu."

Mataki na huɗu: Koya mata tari

Lafiyayyen inji yana da murya, kuma mutanenmu sun san ta tun daga nesa. Nemi gwangwanin kofi, ka zuba masa tsofaffin notuna da kusoshi, ka ɗaure shi da waya a ƙarƙashin mota. Ɗiga ɗan mai a cikin salansa don ta riƙa hayaƙi shuɗi. In ta tashi, ka ji kamar an jefa kayan kicin daga saman bene.

Kuma ko da taɓawa ɗaya take tashi, ku tura ta zuwa layi. Kowa ya sa hannu, kowa ya sunkuyar da kai kamar masu rakiyar gawa. Kaka ta riƙa bin baya tana girgiza kai.

Mataki na biyar: Koya wa iyali ɓata mata suna

Raba aiki daidai da baiwar kowa. Aune ta ɗauki kanti: tana zaɓen albasa tana gaya wa mai awo cewa giya ta uku ta gudu tun watan jiya, ba a san inda ta shiga ba. Kaka ta ɗauki shan kofin bayan coci. Sai dai ka sa ido a kan tsofaffi, sukan zarce. Kaka ta ce motar tana komawa da baya ita kaɗai in ta ga gicciye, har fasto ya aiko tambaya ko ya zo ya yi addu'a.

In akwai wanda bai iya ƙarya ba a gidan, kada ka tilasta masa. Ka ba shi ajiyar zuciya kawai. Wannan shi ne rabon Raimo, kuma ranar da ƙanƙara ta fara narkewa aka jarraba shi. Urpo ya jingina da shinge yana kallon Heluna.

"Raimo! Na ji an ce bana akwatin gawa ka haɗa wa yarinya."

Raimo ya yi ajiyar zuciya.

"Hannun ya tsufa ke nan? Ba komai, maƙwabci, kowa da zamaninsa. Ni ne dai ka cuta. Yanzu motar wa zan saya?"

Kunnuwan Raimo suka yi ja. Bakinsa ya fara buɗewa, Saima ta taka masa ƙafa da takalmin sanyi, ta ƙi ɗagawa. Ya sake ajiyar zuciya, wannan karon ta gaskiya. Da Urpo ya tafi, ya shige ɗakin sirace, ya fito ya faɗa ramin ƙanƙarar tafki don ya huce, ya daɗe a ciki har Aune ta je da sanda ta duba.

Ka gani? Haƙuri ake yi.

Mataki na shida: Kada a ci tsere

Karanta wannan a nutse, domin shi ne ginshiƙi. Wanda ya zo na ɗaya, idon duniya na kansa. Wanda ya zo na ƙarshe, masu neman kayan gyara ke saye tasa. Tsakiya za ka nema, inda ko mai lasifika ba ya tuna sunanka.

Matsalar ita ce Heluna ba motar tsakiya ba ce, Saima kuma ba direbar tsakiya ba ce. Don haka sai da alama. Aune takan tsaya a kwanar ƙarshe da tawul ɗin kicin mai ratsin ja. Da ta ga 'yarta ta fara cin mutane, sai ta ɗaga tawul, Saima ta ɗaga ƙafa daga totur.

Dabara ta yi aiki, ina so ka rubuta wannan da babban baƙi. Suka zagaya filayen ƙauyukan maƙwabta bazara guda, ba wanda ya jefa takarda ko ɗaya. Wani mutum ya leƙa kai ta taga, ya fito yana hawaye, ya ba Saima alewa. Urpo kuwa, da bai sami motar Raimo ba, sai ya sayo wa ɗansa Jalo wata ragargazajjiya mai tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Da wannan abin Jalo ya yi ta wuce Saima mako bayan mako, yana ɗaga mata hannu.

"Saima, saniyar taki ciyawa take nema ne? In yanko mata?"

Sai a hanyar gida ta ce, "Baba, ƙafata har rawa take yi. Ina jin Heluna tana roƙona."

"Ki ba ta haƙuri."

"Kai ba ka jin haushi?"

Raimo ya kalli hanya. Ita kuwa ta juya tana kallon Heluna a kan tirela, da lotsattsun ƙofofinta, da fentin tsintsiya, ta ce, "Gida dai za ta kwana." Kullum haka take faɗa, kuma kullum sai ta shafa mata bonet kafin ta rufe gareji.

Mataki na bakwai: Tara dangi

Tseren ƙarshe na shekara a filinmu ake yi, tsohon ramin tsakuwa da ke bayan injin katako, rabi kwalta rabi tsakuwa. A gida kowa ya san hannun Raimo, saboda haka rigakafi ya fi magani. Direba ba ya tayin motarsa, amma ba a hana danginsa ba. In wasu suka jefa takarda, ku ma ku jefa, ku cika akwatin da sunayenku, ƙuri'a ta rasa inda za ta faɗa sai gida.

Aune ta yi shelar miyar kifi da madara da sabon dankali, dangi suka zo har da waɗanda ba sa gaisawa tun rabon dajin kakansu. Ka lura, bayan aiki ake ciyar da dangi. In ka ciyar da su kafin aiki, a motocinsu za ka same su suna minshari.

Ta jera su a bakin tirela kamar 'yan aji ɗaya.

"Wace mota za ku rubuta?"

"Heluna!"

"Raimo, ban ji bakinka ba."

"Na ji."

"Ban ce ka ji ba. Maimaita."

"Heluna," in ji Raimo, yana kallon takalminsa.

Mataki na takwas: Kada ka bar mai tawul kusa da maƙwabci

Wannan matakin daga baya na ƙara shi.

Ranar tsere ni ke riƙe tuta a kwanar ƙarshe, don haka a kunnena aka yi komai. Jalo na gaba, Saima na tsakiya inda ya kamata, gwangwani na ta aikinsa, tawul na hannun Aune. Sai ga Urpo ya zo ya tsaya kusa da ita da fanke a hannu, sukari har gemu.

"Aune, yarinyar nan ta yi ƙoƙari fa. Tsoro ba abin kunya ba ne."

"Ci fankenka, Urpo."

"Gado ne ai. Na tuna ke ma muna yara, in an zo gangara sai ki sauka daga keke ki tura."

"Na ce ci fankenka."

"Ni shawara ce ta maƙwabtaka. Ki saya mata zare da allurar saƙa. Safa ba ta kifewa."

Aune ta kalli tawul. Ta kalli Urpo. Ta naɗe tawul ɗin da kyau, ta goge masa sukarin gemu, ta cusa masa shi a aljihun riga. Sannan ta haye tarin tayoyin da ke gefen hanya, ta shiga juya hannu kamar fanka.

"Taka ta, 'yar nan! Taka ta har ƙasa!"

Na matsa na ce mata a hankali, "Aune, mataki na shida."

"Malam, riƙe tutarka!"

Saima ba za ta ji ihu ta cikin hular kwano ba, amma ta ga uwarta a kan tayoyi ba tawul. Ta taka. Tsallen farko da motar ta yi a kan tsakuwa, waya ta tsinke, gwangwani ya yi nasa wuri, notuna suka watse. Sai ga muryar injin ta fito tsab, mai santsi, mai zurfi, har masu sayar da kofi suka bar kofi ya zube. Ta wuce na gabanta ta ciki, ta wuce na gabansa ta waje. Jalo ya ɗaga hannu zai yi mata gaisuwar da ya saba, ya tarar ba kowa a bayansa, tana gaba. Kaka Hilka tana dukan shinge da sandarta tana ihu, "Saniyata! Saniyata ce!"

Saima ta zo ta ɗaya, da tazarar da sai da mai lasifika ya tambaya ko sauran sun tsaya shan kofi ne.

Mataki na tara: Zauna a kan bonet

Ko an ci tsere, da sauran dabara. Ka ce sa'a ce. Ka ce kukan mutuwa ne injin ya yi. Abu ɗaya dai, kada a buɗe bonet. Nemi mai nauyi a dangi ka zaunar da shi a kai.

Gidan Raimo ba su yi haka ba, suna can suna rungumar Saima. Mutane suka kewaye motar suna toshe hanci. Urpo ya zagaya ta, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Fitila ce, in za ta mutu sai ta ƙara haske. Injin nan ba zai ga gobe ba. Allah sarki Raimo, da can bakanike ne."

Bazara guda Raimo yana haɗiye irin wannan. Ya ratsa mutane, ya sa hannu ya ɗaga bonet.

Injin yana ƙyalli kamar cokalin biki, kowace waya a kwance a layinta, ko ɗigon mai babu. Wani tsoho ya cire hularsa. Kafin Aune ta iso ta rufe, layin masu jefa takarda ya kai rumfar fanke.

Mataki na goma: Karɓi ƙuri'a da fuskar mutunci

Dangi sun yi aikinsu, ba wanda ya yi barci. Amma rabin ƙauye ya jefa. Aka girgiza akwati, aka zaro takarda, mai lasifika ya gyara murya ya kira sunan Urpo.

A nan abin da ake so shi ne ka miƙa hannu ka ce Allah ya sa alheri. Kaka ta miƙa hannu ta ce, "Allah ya sa alheri, Urpo. Kifin kyauta ne, in ka same shi." Saima ta ɗauko sifana ta shiga kwance kujerarta da kanta, ba ta bar kowa ya taya ta ba, ba ta kuma ɗago kai ba.

Tana cikin haka mai lasifika ya ci gaba da sauran motoci. Ya zo kan ƙaguwar Jalo, ya yi dariya, ya ce abin mamaki, wannan ma ta sami mai so, mutum ɗaya tak, ba sai an yi ƙuri'a ba. Ya kira sunan Raimo.

Saima ta fito daga motar da sifana a hannu. Ta sami ubanta ya riga ya durƙusa gaban ƙaguwar yana leƙen ƙarƙashinta.

"Baba. Takardarka ba ta shiga wa Heluna ba?"

"Ba ta shiga ba."

"Da ta shiga, wataƙila ita za a zaro."

"Wataƙila."

"A gabana ka ce Heluna. Mama ta sa ka maimaita."

Raimo ya miƙe, ya zura hannu ta taga ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama da ƙyar tana jijjiga kamar mai zazzaɓi.

"Saurara," in ji shi. "Fulogi ɗaya ba ya aiki. Giya ta biyu babu ita. Ƙafar baya a karkace take. Lagireto na yoyo. Wannan sai mu kai bazara ba mu gama ba."

"Ni ina ruwana da ita? Heluna nake tambayarka!"

Ya kashe motar. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa shi.

"Heluna ta gama, Saima. Shekaranjiya na zagaya ta da sifana, ban sami noti ɗaya da zan ɗaure ba. Da ta koma gida, tampol za mu rufa mata. Ke ki shige ɗakinki ki rufe ƙofa, ni in zauna gaban talabijin da uwarki da kakarki har ƙanƙara ta narke."

"Sai ka ce min haka tun farko!"

"Ai ga shi na ce."

Ba ta yafe masa a ranar ba, kuma ban ga laifinta ba. A motar wata gwaggonta ta koma gida, da kujerar Heluna a kan cinya. Miyar kifi ma ba ta sha ba. Kwanaki suna wucewa tana jin Jalo yana tayar da Heluna a bayan shinge, duk tagoginta a buɗe saboda warin kifi. Raimo ya tura ƙaguwar cikin gareji, ya hura murhu, bai kira kowa ba, bai kuma kwance ko noti ɗaya ba. Kullum da yamma yana zaune a kan jarka yana kallonta.

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka, na wuce ta ƙofar garejin na ji an tayar da ƙaguwar, an kashe. Sai muryar Saima.

"Ba fulogi ba ne. Wayarsa ce ta tsage, ga ta nan ina gani."

"Uhm."

"Kuma wannan ba za a sa mata kifi ba. Kuma in na ga hanya zan taka."

"Za a saye ta."

"Na sani. Matsa, ka tare min haske."

Gargaɗi kafin ka tashi

Mai wannan rubutu malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ba bakanike ba ne, ba alƙali ba ne. Ba ruwansa da ƙofar da guduma ta wuce da ita, ko gadon da ruwan batir ya ci, ko dangin da suka sha miya suka koma gabarsu, ko warin da ya ƙi fita daga hular kwano. In matarka ta hau tayoyi, tsakaninku ne. In ka buɗe bonet da hannunka, kada ka zo min da kuka. In an saye motarka duk da haka, koma ka duba, akwai matakin da ka tsallake. In ba ka tsallake ba, to akwai wanda ya tsallake a gidanku, kuma ba ni na haife shi ba.

Abin da kawai zan iya tsayawa a kai shi ne abin da Saima ta gane, domin ita ta gaya min da bakinta. Ta gane cewa babanta bai san yadda zai yi hira da ita ba sai da lalatacciyar mota a gabansu, kuma ya fi tsoron rasa hirar a kan rasa Heluna.